Silinda Ɗaya Ke Kashe Inji

Ƙannena masu koyon aikin inji, duk ranar da aka jawo muku motar da aka ƙara wa ƙarfi, kuka buɗe kuka tarar fistin ya huje, kada ku tsaya kallon wanda ya huje kawai. Ku ciro sauran ku jera a kan benci. Sau da yawa za ku ga uku lafiyarsu lau, ba ƙuna ba tsaga, ɗaya ne kurum ya narke. Tanki ɗaya suka sha mai, ƙafa ɗaya ta taka musu totur, rana ɗaya ta dake su. To me ya sa ɗaya ya mutu uku suka tsira? Ruwa ba ya tsami banza. Wannan silinda ta daɗe tana samun man da bai kai iskar da take shaƙa ba, ta kuma yi ta nuna alamu, ba a dai samu mai karantawa ba ne.

Irin waɗannan motoci sun fara yawa a Abuja da Kano da Kaduna. Samari masu sha'awar gudu da wasan mota suna kawo BMW da Marsandi da Lexus da Golf da Honda, kowa da abin da yake so. Wannan a cire masa indomi a sa salansa mai faɗi, wancan a sauya masa matatar iska, wani a sake rubuta masa lissafin da ke cikin birenbos, wato kwamfutar mota, wani kuma a ɗaura turbo a kan injin da kamfani bai ƙera don turbo ba. Ban ce ku guji aikin ba. Sana'a ce mai ilimi, kuma akwai abinci a cikinta. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kamfanin da ya ƙera inji yakan bar masa rata. Nozul da famfon mai da ƙwarin fistin duk suna da ɗan saura fiye da abin da ake nema a wurinsu, saboda mai marar kyau da zafin rana da tsufa. Duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, daga cikin wannan rata ya ɗiba. A motar da ba a taɓa ba, nozul ɗin da ya ɗan toshe zai iya shekara yana aiki, iyakarta injin ya riƙa rawa a silo. A motar da aka cinye ratarta kuwa, wannan nozul ɗin zai iya gamawa da fistin a dogon taku ɗaya a kan hanyar Zariya.

Sai mun ɗan yi lissafi, domin mai gudun lamba bai kamata ya sa hannu a irin wannan mota ba. Fetur yana ƙonewa tas idan giram 14.7 na iska ya haɗu da giram 1 na mai. Da nauyi ake yin lissafin, ba da lita ba. A kan wannan lamba kwamfutar mota ke riƙe inji a silo da tafiyar hankali. Amma idan aka take totur har ƙasa, ana sauko da lambar: injin da ba shi da turbo yana son 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma galibi 11.5 zuwa 12. Lamba in ta hau, mai ya ragu ke nan. In ta sauka, mai ya ƙaru. Wannan ƙarin mai ba almubazzaranci ba ne, sanyaya silinda yake yi. Wutar da ke tashi a ciki tana haura digiri 2,000, alhali alminiyam yana narkewa a digiri 660. Abin da ke tsare fistin shi ne wata siririyar iska da ke manne a fuskarsa, da baƙin mai da ke fesarsa ta ƙasa, da zobban da ke miƙa zafi ga bangon silinda. Idan mai ya ragu ana cikin nauyi, zafi ya hau, sai ragowar haɗin da ke gefe ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Shi ne wannan siririyar ƙara ƙyas-ƙyas da ake ji in an taka. Fashewar tana goge waccan iska mai tsaro, tana fasa gefen fistin inda zobba ke zama, tana gasa bakin fulogi har ya yi jajir. Da zarar bakin fulogi ya fara kunna wuta tun kafin lokaci, daƙiƙu kaɗan suka rage tsakiyar fistin ta huje.

Za ku ce ai akwai sensa a salansa, kuma mai motar ya sa agogon da ke nuna haɗin iska da mai a gabansa. A nan ne aka fi yaudarar kanikawa, don haka zan ɗan daɗe a wurin. Kamfanin Bosch ne ya fito da sensar iskar oksijin, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976, kuma ta taimaki sana'ar nan ƙwarai. Sai dai a mafi yawan injuna masu silinda huɗu, sensa ɗaya ce ke sauraron duka huɗun, a inda hayaƙinsu ya riga ya gauraya. A V6 da V8 kuwa kowane ɓangare da tasa ɗaya. Agogon da masu ƙara ƙarfi ke sawa, ko da kuwa da sensa mai kyau irin Bosch LSU 4.9 yake aiki, shi ma a mahaɗar yake zaune. Abin da yake faɗa maka labarin taro ne, ba na mutum ɗaya ba. Kamar uwa ce ta zuba wa yara huɗu tuwo a kwano ɗaya, kwano ya dawo a suɗe, ta ce kowa ya ƙoshi, alhali ƙaramin loma biyu ya samu. Ga shi a lamba. A ce silinda uku suna kan 12.0, ta huɗu kuma nozul ɗinta yana ba da mai ƙasa da na sauran da kashi 20 cikin ɗari. Ita tana kan 15.0 ke nan. Ku haɗa iskar duka ku raba da man duka, agogo zai nuna kusan 12.6. Duk wanda ya ga 12.6 a injin da ba turbo zai ce madalla. Ita kuwa silinda ta huɗu tana cikin wuta.

Abin bai tsaya nan ba. A tafiyar hankali, kwamfuta tana ganin ɗan ƙarancin da ke cikin taron, sai ta ƙara wa kowa mai daidai wa daida, domin ba ta san wace ce mai yunwar ba. Ƙarancin kashi 20 a silinda ɗaya cikin huɗu zai bayyana a sikana a matsayin ƙarin kusan kashi 5, wanda kowa zai ce ba komai. Lambar ƙarancin mai, P0171 ko P0174, ba ta cika fitowa sai ƙarin ya yi nisa sosai, don haka fitilar gargaɗi na iya zama a kashe. Ukun nan masu lafiya yanzu suna shan fiye da ƙima, fulogansu sun yi duhu. Sai yaro ya zo ya ciro fulogin lamba 1 kaɗai domin shi ne mai sauƙin kaiwa, ya ga baƙi, ya ce mai ya yi yawa, a rage. Da hannunsa ya ƙarasa silindar da ke neman ceto. Ga kuma wani abu: motoci da yawa, musamman tsofaffi, idan an take totur har ƙasa kwamfuta tana daina sauraron sensa, ta bi lissafin da aka rubuta mata kawai. Wato a lokacin da haɗari ya fi yawa, a lokacin ne babu mai gadi.

Saboda haka matakin farko ba na sifana ba ne. Ka hana a ci gaba da taka motar. Kada ka ce bari in zaga da ita in ji ƙarar da kunnena. Ƙarar da za ka ji ta biyu tana iya zama ta ƙarshe. Ka zaunar da mai motar ka tambaye shi dalla-dalla. Me aka sauya, a wane jere, wa ya yi? Nozul ɗin na asali ne ko an sa manya? An sake lissafin kwamfuta bayan an sa su? A ina ya sha mai na ƙarshe? Yaushe motar ke yin abin, da sanyin safiya a silo, ko sai ta yi zafi an taka? Wasu sukan ɓoye aikin da aka yi musu a wani gareji don kunya. Ka bi su a hankali, amsar nan za ta rage maka wahalar kwana da kwanaki.

Daga nan ka bari injin ya huce, domin kwance fulogi daga kan alminiyam mai zafi yana cinye zaren ramin. Ka ciro fulogai duka, ka huda kwali ka jera su bisa lambar silinda, ka fita da su haske. Injunan zamani fulogansu kan yi fari-fari ko da lafiya, don haka ba launin ɗaya shi kaɗai za ka duba ba, bambanci za ka nema. Wanda ya fita daban shi ne mai magana. Farar tangaran da ta yi fari fat kamar alli, ko ta yi ƙuraje, ko ƙarfen baki ya cinye ya lanƙwashe, alamar zafi ce. Idan ka ga ɗige-ɗige masu ƙyalli a jikin tangaran, to alminiyam ne, daga fistin ya taso, kuma aikin ya riga ya wuce na nozul kaɗai. Sai ka sa sikana, ka rubuta lambobin kafin ka goge komai. P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da ke misin, P0201 zuwa P0204 suna nuna matsalar wayar nozul, sababbin motoci kuma wasu suna fitar da P219A idan silindu ba su daidaita ba.

Amma fa ba duk abin da sensa ta kira ƙarancin mai ne ƙarancin mai ba. Ita oksijin take gani, ba fetur ba. Idan kwayil ya mutu, silinda ta ƙi kamawa, iskar da ba ta ƙone ba za ta fita ta salansa, sensa ta ga oksijin ta yi ihun babu mai, alhali man na nan ɗanye. Haka idan manifol ɗin hayaƙi ya tsage, ko gasket ɗinsa yana yoyo a gaban sensa, iskar waje tana shiga tsakanin bugun hayaƙi ta ruɗa ta. Wannan ya fi faruwa a motocin da aka yi wa waldar salansa. Gwajin ba ya cin ko kwabo: mayar da kwayil ɗin silindar da ake zargi zuwa wata, fuloginta kuma zuwa wata daban, ka tada injin. In misin ya bi kwayil, ka sami ɓarawonka. In ya bi fulogi, haka. In ya tsaya inda yake, sai a ci gaba. Kafin ka taɓa mai kuma, ka auna matsin kowace silinda, fulogai duka a waje, famfon mai a kashe, totur a buɗe. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari abin bincike ne. Ka tura iska ta ramin fulogi ka kasa kunne: in ta fito ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne, ta wurin shaƙar iska, bawul ɗin shiga, ta bakin zuba baƙin mai, zobe ko fistin, in kumfa ta taso a lagireto, gasket ɗin kai ne. Wanda ya tsallake wannan gwaji zai saye nozul huɗu sababbi ya zuba a injin da bawul ɗinsa ya ƙone.

To an tabbata wuta na nan, matsi na nan, silinda ɗaya ce dai ke fama. Hanya biyu ce kawai: ko iska ta yi mata yawa, ko mai ya yi mata kaɗan. Sikana za ta raba maka gardama. Ka dubi lambobin gyaran mai, waɗanda take rubutawa STFT da LTFT, a silo, sannan ka riƙe injin a juyi 2,500 ka sake dubawa. Idan ƙarin ya yi yawa a silo ya sauka da aka ɗaga juyi, ɓarauniyar iska ce. Dalili kuwa, a silo injin yana tsotso da ƙarfi kuma iskar da yake sha kaɗan ce, don haka ƙaramin rami ma yana da tasiri. Idan kuwa a silo lafiya, sai an ɗaga juyi ko an ɗora nauyi ƙarin ke hawa, to wajen mai za ka nufa. A ganina wannan na biyu ne ya fi kashe fistin. Yoyon iska yana damun mota a silo, amma in an take totur tsotson yana ƙarewa, a injin turbo ma iskar fita take yi ta ramin. Ƙarancin mai kuwa a daidai lokacin nauyi yake tsananta.

Neman yoyon iska ba shi da wuya. Inda ake samunsa: gasket ɗin manifol a bakin silinda ɗaya, robar ƙasan nozul da ta bushe ko aka yanke ta wajen turawa, tiyon da ke zuwa tukunyar birki, da tiyon numfashin inji, musamman in bakinsu yana kusa da hanyar silinda ɗaya. Duk wanda ya yi aikin Corolla mai injin 1ZZ-FE ta tsakanin 2003 da 2008 ya san yadda gasket ɗin manifol ɗinta ke ƙanƙancewa da sanyi ya fitar da P0171. Hanya mafi kyau ita ce a tura hayaƙi cikin manifol, inji a kashe, a ga inda zai fito. Fesa fetur ko ruwan wanke kafireta a jikin inji yana aiki dabara ce da aka saba, tana kuma nuna wurin, amma ta ƙona motoci ta ƙona fuskoki. In dole sai ka yi, inji ya zama bai yi zafi ba, abin kashe gobara yana hannun ɗan'uwanka, kuma ba mai sigari kusa.

Yanzu sai nozul, kuma shi ne na fi so ku ƙware a kansa. Ɗora bakin dogon sukundireba a jikinsa, mariƙin a kunnenka, ka ji ƙas-ƙas ɗinsa, ka gwada da na maƙwabtansa. Cire soket ka auna da mita. Yawancin nozul na motocin yau suna tsakanin om 12 zuwa 16, akwai kuma wani iri da bai kai om 5 ba, kuma sa wannan a kwamfutar da aka yi don wancan yana iya ƙona ta. Amma ku lura, nozul zai iya yin ƙara daidai, mita ta nuna daidai, ya kasance a toshe. Mita waya take aunawa, ba ta san abin da ke fita ta baki ba. Don haka ka rage matsin mai, ka musanya nozul ɗin da ake zargi da na wata silinda, da sababbin robobi da aka shafa wa ɗan baƙin mai, ka ga ko ciwon zai yi ƙaura. A tafiyar hankali za ka yi wannan gwaji, kana duban ƙidayar misin a sikana da launin fulogi. Mafi inganci dai shi ne a kai su injin gwajin nozul, mai kwalabe masu ma'auni, a fesa duka lokaci guda, a ga abin da kowanne ya zuba da yadda feshinsa ya bazu. A gwada da gajeren buɗi da dogo, domin wani yakan yi daidai a ɗaya ya gaza a ɗaya. A motar da aka ƙara wa ƙarfi, ni ba na yarda da bambancin da ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. In an wanke bai dawo layi ba, a jefar da shi. Wannan duka ga nozul ɗin da ke fesawa a manifol ne. Injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, matsinsu yana kai bar 150 zuwa 200, yana iya huda fata. Kada ka kwance bututunsu sai ka koyi ƙa'idarsu a wurin wanda ya sani.

In ka sami nozul a toshe, kada ka sauya shi ka wanke hannu. Me ya toshe shi? A saman kowane nozul akwai 'yar matata, ka ciro ta ka duba. Jan gari tsatsar tanki ce. Yashi da ƙasa, galibi daga man jarka ne na 'yan bumburutu. Baƙin ɓarɓashi roba ce, kuma a motocin da aka yi wa aiki yawanci daga sabon tiyon mai take, wanda aka yanka aka ɗaura ba a wanke cikinsa ba. Farin zare kuwa tef ɗin masu gyaran famfo ne da wani ya naɗa a mahaɗa. A bututun mai da ba shi da hanyar komawa tanki, dattin yakan taru a nozul na ƙarshe, shi ya sa silinda ɗaya ke ta maimaita ciwo. Sai a wanke tanki da bututu, a sauya matatar mai. Ka kuma bi wayar nozul ɗin da hannunka, musamman in an sauya inji gaba ɗaya. Wayar da aka murɗa da yatsa aka naɗe da tef tana rage wuta, nozul ya yi jinkirin buɗewa, kuma abin da ake ba shi a silo bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin dubu na daƙiƙa ba. Idan ka je sayen wasu, a Kofar Ruwa ne ko Panteka ko Apo, ka karanta lambar da ke jikin kowanne. Launi ɗaya ba ya nufin awo ɗaya, kuma huɗun da aka tsinto daga injuna huɗu ba saiti ba ne. Jabu ma suna yawo a cikin kwali mai kyau. Araha ba ta ado.

Wani lokaci silindar da ta fara kuka ba ita ce mai laifi ba, ita ce dai mafi rauni a gidan da abinci ya ƙare wa kowa. Ka sa agogon matsin mai ka duba shi ana cikin nauyi, ba a silo ba. Injuna da yawa suna aiki a kan bar 3, kuma a turbo mai hanyar komawa tanki, in iska ta hau bar 1 dole matsin mai ya hau zuwa 4. In ya tsaya ko ya faɗi, famfo ne ko wayarsa ko matata. Sannan ka duba tsawon buɗin nozul. A juyi 6,000, zagaye ɗaya na silinda kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa ne. Nozul ɗin da ke buɗe fiye da 17 a cikin 20 ɗin nan ya kai maƙura, ba shi da sauran abin bayarwa. Shi kansa man abin tuhuma ne. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol Najeriya daga Beljiyam, ya lalata motoci, aka yi makonni ana layi a gidajen mai. Metanol yana ƙonewa ne a kan 6.4, ba 14.7 ba, don haka duk man da aka gauraya da shi da yawa yana jawo ƙaranci ko da nozul lafiyarsa ƙalau. Ku kuma yi hattara da lissafin kwamfuta da ake saukowa daga intanet. Wanda aka rubuta a Jamus don mai mai oktan 98 da iska mai sanyi bai san watan Afrilu a Kano ba, inda zafi ke haura digiri 40, ga kuma fetur iri ɗaya tal a mafi yawan gidajen manmu.

Akwai kuma inda za ka duba komai ka tarar ba abin da ya lalace, amma silinda ɗaya ta fi sauran zafi. Ƙirar injin ce. Manifol ba ya raba iska daidai, ruwan sanyaya ba ya isa ko'ina daidai, kuma ƙarin ƙarfi yana faɗaɗa bambancin da a da ba ya cutarwa. Masu aikin injin RB26 na Nissan Skyline GT-R sun san silinda ta 6, masu Subaru EJ25 sun san ta 4, masu V8 na LS daga General Motors a Amurka sun san ta 7. Ƙwararru sukan sa ma'aunin zafin hayaƙi a bakin kowace silinda, kamar yadda ake yi wa ƙananan jiragen sama masu fistin, sannan a cikin kwamfuta su ƙara wa mai zafin ɗan mai, ko su ɗan ja mata lokacin wuta baya. Wannan gyara halas ne, amma shi ne na ƙarshe a layi. Wanda ya ƙara wa silinda mai ta kwamfuta alhali nozul ɗinta a toshe yake, ya rufe ciwo ne da riga. Dattin zai ƙaru ko ya motsa, lissafin ya tashi a banza.

Dabarun da na roƙe ku ku bari su ne waɗannan da ake yi don mota ta bar gareji da wuri. Ƙara matsin mai don a ciyar da ɗaya, a shaƙe uku, man da ya yi yawa ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Goge lamba a sikana a ce an gyara. Cire ƙwan fitilar gargaɗi. Kwance sensar da ke jin fashewar nan ta ƙyas-ƙyas domin wai tana rage wa mota gudu, alhali ita kaɗai ta rage tana ja wa fistin rai. Sa fulogi mai sanyi yana da wurinsa a injin turbo, amma ba ya ƙara wa silinda ko ɗigon mai. A wajen sayensa ma ana kuskure: a NGK da Denso lamba in ta hau fulogi ya fi sanyi, a Bosch kuwa akasin haka ne.

Bayan gyara, sai tabbatarwa. Zura 'yar kyamarar nan da ake haɗawa da waya ta ramin fulogi, ka dubi fuskar fistin da gefensa da bangon silinda. Ba ta da tsada, kuma ya kamata kowane gareji ya mallake ta. In fuskar ta yi ƙaiƙayi kamar an watsa mata yashi, ko gefe ya ɓantare, injin sai an sauke, ko da yana tashi. In lafiya, ka sa sababbin fulogai, ka share tsohon gyaran mai daga kwamfuta, ka fara da tafiyar hankali, ka ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, kana tsayawa kana sake jera fulogai a kwali. Mutum biyu ake yi, ɗaya na tuƙi, ɗaya na duban sikana, kuma da an ji ƙara ko lamba ta hau a ɗaga ƙafa nan take. Ba a cikin gari ake wannan ba, ba a titin da yara ke tsallakawa ba, ba kuma a ayarin biki ba. Ran mutum ya fi kowane inji.

Mai irin wannan mota galibi saurayi ne mai zumuɗi, abokansa na jiransa, yana son makullinsa yau. Zai ce ai ɗan abu ne, zai ce wani gareji sun ce fulogi ne kawai. Ka ba shi girmansa, amma kada ka sassauta. Ka nuna masa kwalin fulogai, ka nuna masa kwalaben gwajin nozul, ka ce: "Ranka ya daɗe, silinda ta uku ba ta samun mai. In ka taka ta a haka, inji za mu saya, ba nozul ba." Mafi yawansu in sun gani da idonsu suna haƙura. Wanda ya dage sai ya tafi da ita, ka rubuta masa a takarda lambar silindar da awon da ka samu da gargaɗin da ka yi, ya sa hannu a gaban maigidanka, ka ajiye kwafi ɗaya a gareji.